Zullumin gobe ga mai ciki da mai goyo: ina damuwa ta tsaya, ina ciwo ya fara?

A 'yan shekarun nan wata kalma ta shiga bakin mata a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, wato difireshan, ciwon damuwa mai tsanani. Yarinya za ta rubuta cewa tun da cikinta ya tsufa barci ya ƙaurace mata, kullum zuciyarta na raya mata ba za ta tashi ba. Wata ta ce wata biyu ke nan da haihuwarta, amma ko murmushin jaririn ba ya faranta mata rai. Kafin a jima masu ba da shawara sun rabu gida biyu. Wasu su ce maza ta tafi asibiti, difireshan ne. Wasu su ce ta yi istigfari, rashin godiya ne, ga mata nan suna neman haihuwar ido rufe ba su samu ba. Ita kuwa ta ajiye wayar da ruɗanin da ya fi wanda ta zo da shi.

A ɓangaren hukuma ma abubuwa sun motsa. A watan Satumba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ke neman a riƙa duba lafiyar zuciya da tunanin mace a wurin da ake yi mata awo da inda ake yi wa jariri rigakafi, tana mai cewa kusan mace 1 cikin 5 na fuskantar irin wannan matsala a lokacin ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa. A Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sai dai bayanin waɗannan sauye-sauye bai kai bencin awo ba tukuna, kuma tambayar da ke can ita ce: wannan abin da nake ji, kowa ma haka yake ji, ko ciwo ne?

Abubuwa huɗu da ake cakuɗawa

Na farko shi ne zullumi na yau da kullum. Mai ciki ta yi tunanin naƙuda, ta yi lissafin kuɗin asibiti, ta tambayi kanta ko za ta iya riƙon yaro. Wannan tunani yana zuwa ya wuce, ba ya hana ta cin abinci, kuma idan aka yi hira ko aka samo mafitar abin da ke damunta sai ta ji sanyi. Yana ma da amfani, domin shi ke tayar da mace ta je awo, shi ke farkar da ita cikin dare ta taɓa jikin jariri ta ji ko da zazzaɓi.

Na biyu ƙuncin kwanakin farko ne. Daga kwana na uku zuwa na biyar da haihuwa, daidai lokacin da nono ke kawo ruwa ana ta shirin suna, fiye da rabin masu jego kan ji hawaye na zubo musu ba dalili, ko su riƙa jin haushin abin da bai kai ya kawo ba. Sanadinsa sinadaran ciki ne da ke faɗuwa farat ɗaya da zarar mabiyiya ta fita, ga gajiya da rashin barci. Yana wucewa da kansa kafin mako biyu.

Na uku shi ne wanda likitoci ke kira ciwo, kuma fuska biyu gare shi. Akwai ciwon fargaba, inda tunanin mugun abu ke juyawa a kai ba tsayawa, gaba na faɗuwa, jiki na rawa, ko jariri ya yi barci uwa ba ta iya runtsawa. Akwai kuma ciwon damuwa mai tsanani, wanda shi ne difireshan ɗin: komai ya fita daga rai, mace ta ga ba ta da amfani, ta ga yaron zai fi dacewa a hannun wata. Sau da yawa tare suke zuwa. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke dubawa shi ne daɗewa da kuma illa: abin ya wuce mako biyu kusan kullum, kuma ya hana ta gudanar da rayuwarta. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki da kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka haihu na fama da irin wannan.

A nan akwai wani abu da mata ke jin nauyin faɗa. Uwa tana wanka wa jariri sai ta ga a ranta kamar ya suɓuce ya faɗa cikin baho, ko ta wuce bakin rijiya ta ƙanƙame goyonta don wani mugun tunani da ya faɗo mata. Wannan waswasi ya yawaita a tsakanin sabbin iyaye, kuma firgitar da yake jefa uwa a ciki alama ce ta cewa ba abin da take so ba ne. Amma idan ya yi yawa har ta daina yarda ta ɗauki yaron, ya zama abin kai wa ma'aikacin lafiya.

Na huɗu bai yawaita ba, mace 1 ko 2 ce cikin 1,000, amma shi ne mafi haɗari. Rikicewar hankali ce da ke tasowa yawanci cikin mako biyu na farko. Mai jego ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, ta yi ta surutai, ta ji muryoyi, ta ce jaririn ba nata ba ne ko an musanya shi. A gidaje da yawa iska ake cewa ta shige ta. Wannan larura ce ta gaggawa kamar zubar jini, tana kuma jin magani sosai idan an kai asibiti da wuri.

Tsoron yana da tushe

Gaisuwar da ake yi wa mai ciki ita kanta ta isa shaida. «Allah ya raba lafiya,» ake cewa, in ta sauka kuma a ce «barka da arziki», kamar wanda ya tsallake hatsarin mota. Tsofaffi na cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira. Ba daga sama maganar ta faɗo ba. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a kowace haihuwa 100,000, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 kuma ya ninka haka, ya ce mata kusan 82,000 ne suka rasu a shekarar, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Da wuya a samu macen da ba ta san wata ƙawa ko 'yar uwa da jijjiga ko zubar jini ya tafi da ita ba. Saboda haka wanda ya ce wa mai ciki «ba komai, tunaninki ne kawai» ya faɗi abin da ta san ba haka yake ba, kuma daga ranar ba za ta ƙara buɗe masa cikinta ba.

Alƙaluman nan suna da wata fuska da ba a cika juyowa ba. Ko da ƙiyasin da ya fi muni aka ɗauka, wajen mata 99 cikin 100 suna tashi da ransu, kuma manyan abubuwan da ke kisa, wato zubar jini, hawan jini, doguwar naƙuda da ƙwayoyin cuta, duk ana iya tare su idan an isa wurin ƙwararru a kan lokaci. Mafi yawan haɗarin a jinkiri yake: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Sai aljihu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mai ciki tana riƙe da takardar kayan haihuwa da aka rubuta mata a asibiti, safar hannu, auduga, leda, ruwan wanke ciwo, tana kuma jin maigida na lissafin ragon suna da kayan fitar suna. A ranta tana ƙara wani lissafin da ba ta furtawa: idan aka ce sai an yi aiki fa, ina kuɗin?

Akwai kuma zullumin da ya shafi zaman auren kansa. Binciken 2018 ɗin ya nuna kusan kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna da ciki, kuma adadin ya fi haka nesa a Arewa maso Yamma. Yarinyar da ta bar aji don ciki tana tambayar kanta ko karatun ya ƙare ke nan. Wadda ta jera 'ya'ya mata tana jin habaicin dangin miji tun kafin a yi sikanin. Wata tana tsoron kafin ta gama wanka a fara zancen ƙarin aure, wata kuma kwanika ta yi, ga na goye ga na ciki. Wadda ta taɓa ɓari ko ta haifi ɗa ba rai kuwa, kowane ciwon mara sai ya mayar da ita wancan daren. Ma'aikaciya tana ƙirga kwanaki: dokar ƙwadago mako 12 ta ba ta, gwamnatin tarayya mako 16, jihar Kaduna ta kai wata shida tun 2019, alhali likitoci na cewa a ba da nono zalla wata shida. Mai tuyar ƙosai ko awara ba ta da hutun ko kwana ɗaya da wani zai biya.

Wani lokaci jiki ne ke magana

Kafin a yanke cewa faɗuwar gaba daga tunani take, ya kamata a duba jini. Fiye da rabin masu ciki a Najeriya na da ƙarancin jini, kuma alamominsa, bugun zuciya, jiri, kasala, haki, sun yi kama da na fargaba ƙwarai. Zazzaɓin cizon sauro na ƙara ta'azzara shi. Wani ƙullin maƙogwaro da ke sarrafa kuzarin jiki ma yakan rikice bayan haihuwa ya kawo rawar jiki da rashin barci.

Wanda ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne raunin zuciya na ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma har yau Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, take tari cikin dare, gwajin zuciya take buƙata a ranar. Don haka ne likitoci ke jan kunne kan yawan kanwa a kunun jego, musamman ga mai hawan jini, saboda gishirin da ke cikinta na tara ruwa a jiki. Kuskuren na iya zuwa ta kowane ɓangare: a yi ta lallashin mai ciwon zuciya ana cewa ta rage tunani, ko a yi ta ɗura wa mai ciwon damuwa maganin ƙarin jini wata da watanni.

Abin da al'ada ta tanada, da inda ta yi shiru

Tsarin jego na Bahaushe ya fahimci wani abu da likitancin zamani ya zo ya tabbatar, cewa bai kamata a bar sabuwar uwa ita kaɗai ba. Mai cikin fari ana mayar da ita gida goyon ciki. Bayan haihuwa akwai tsohuwar da za ta zauna da ita kwana arba'in, ta dafa ruwan wanka, ta gasa jariri, ta karɓe shi cikin dare uwar ta samu ta runtsa. Ga ƙauri, ga kunu, ga 'yan barka suna shiga suna fita. Girki da shara ba nata ba ne. Duk wani shirin rage damuwar masu jego da ake koyarwa a yau yana neman dawo da waɗannan abubuwa ne: barci, abinci mai kyau, da mutum a kusa.

A birni wannan rumfa ta fara yoyo. Ma'aurata suna haya ciki da falo a Abuja ko Legas, uwa tana can Funtuwa ko Azare, kuɗin mota ya hana ta zuwa, ko ta zo ta yi mako guda ta koma. Maigida ya fita tun asuba. Da ƙarfe uku na dare sai a tarar da yarinya 'yar shekara 20 zaune a bakin katifa, ba wuta, fitilar waya a hannu ɗaya jariri a ɗaya, tana karanta labarin wata da jaririnta ya mutu a barci.

Inda al'adar ta yi shiru kuwa shi ne wajen magana. Kunyar ɗan fari ta hana yarinya nuna ɗoki, ta kuma hana ta nuna tsoro. An koya mata cewa jaruma ba ta raki a naƙuda. Mai jego na kewaye da mutane, ana tambayarta ya ruwan zafi, ya kwanan jariri, nono ya zo, amma da wuya wani ya zauna ya ce, «Ke fa, ya zuciyarki?» Wani abin lura kuma, a kwanakin jinin biƙi mace ba ta salla, wanda a mazhabar Malikiyya zai iya kai wa kwana 60. Wadda ta saba kai kukanta a sujada sau biyar a rana sai ta ji kamar an janye mata abin jingina a daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Malamai sun yi bayani cewa zikiri da addu'a da salati ba su haramta gare ta ba, amma ba kowace yarinya aka taɓa zaunar da ita aka gaya wa haka ba.

Fahimta uku da ke karo da juna

Masu kallon abin ta fuskar addini suna cewa gobe ta Allah ce, arzikin yaro da ajalin uwa rubutattu ne, kuma zuciyar da ta riƙe wannan tana samun natsuwar da ƙwaya ba ta bayarwa. Suna da gaskiya babba a nan, kuma likitocin ƙwaƙwalwa ba sa musun cewa imani da addu'a na ƙarfafa mai jinya. Matsalar tana zuwa ne idan aka mayar da damuwa hujjar raunin imani. Alƙur'ani da kansa ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni a Suratu Luƙman, ya kuma kawo yadda Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Amsar da ta samu lallashi ne, da ruwa, da dabino. Hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali ma sananne ne. Malamai da dama a yau suna yin ruƙiya su kuma ce a wuce asibiti, kuma babu wanda ya ce sai an zaɓi ɗaya.

Masu kallon asibiti suna cewa ciwo ne kamar hawan jini, yana da ma'auni yana da magani. Akwai ma takardar tambayoyi 10 da aka ƙirƙira a Edinbura a 1987 wadda ake amfani da ita a ƙasashe da yawa don gano masu buƙatar taimako. Rauninsu shi ne ƙarancin hannu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma asibitocin da aka sani da wannan aiki, irin su Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sunansu kaɗai na sa iyali su ja da baya don gudun a ce 'yarsu ta haukace. Akwai kuma haɗarin a liƙa wa kowace damuwa sunan ciwo, a bar abin da ya haddasa ta.

A nan ne masu fahimta ta uku ke shigowa. Su a ganinsu macen da ba ta san abin da za a ɗora a tukunya gobe ba, ko wadda ake duka, ko wadda aka saka da ciki, ba ƙwaƙwalwarta ce ta samu matsala ba, rayuwarta ce. Bincike a ƙasashe daban-daban ya goyi bayansu cewa talauci, cin zarafi a gidan aure da rashin mataimaki na cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon. Sai dai ana samunsa a gidajen masu hali ma, kuma macen da ciwon ya riga ya kama ba za ta iya jira sai tattalin arziki ya gyaru ba.

Wani aiki da aka yi a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, aka wallafa a 2008, ya nuna hanyar da ta ratsa tsakanin ukun. An horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa, waɗanda ba likitoci ba, su riƙa ziyartar masu ciki da ke da ciwon damuwa, suna sauraronsu, suna taimaka musu su gane tunanin da ke karya musu gwiwa, suna jawo miji da uwar miji cikin kula da uwa da jariri. Bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne kawai ke da sauran ciwon, a rukunin matan da ba a bi da su ta wannan tsari ba kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin horarwa a 2015. A jihar Oyo ma Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci, idan aka horar da su, suna iya kula da mafi yawan irin waɗannan mata ba sai an tura su babban asibiti ba.

Abin da ke rage zullumi a aikace

Dabarar da ta fi sauƙin ɗauka daga waɗannan ayyuka ita ce rarrabe damuwa. Mace ta zauna, ita kaɗai ko da wadda ta yarda da ita, ta fito da abubuwan da ke cin ranta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowanne: akwai abin da za a iya yi a kanka yau? Tsoron naƙudar dare yana da amsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A san asibitin da za a je, a ajiye lambar mai adaidaita sahu ko mai mota biyu a unguwa, a san rukunin jininta da ɗan uwan da zai bayar idan an buƙata, a haɗa jaka tun wata na takwas, a ware wani abu ko ta hanyar adashe. Mafi muhimmanci, maigida ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa ko wani babba, cewa ko ba ya nan a wuce da ita asibiti. Tsoron kuɗin aiki ma a tambaya tun a wurin awo. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, amma ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba, gara a san wanda ke ciki tun kafin ranar. A Nijar tiyatar haihuwa da awo na cikin abubuwan da gwamnati ta ɗauke wa jama'a kuɗinsu tun tsakiyar shekarun 2000, ko da yake ƙarancin magani kan sa a sayo wasu abubuwa a waje.

Awon kansa magani ne na zullumi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shawararta daga zuwa huɗu zuwa takwas. Macen da aka auna jininta aka ce lafiya, ta ji bugun zuciyar ɗanta da kunnenta, ta kuma san alamomin haɗari na gaskiya, wato zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ko yaro ya daina motsi, ba ta firgita da kowane ɗan motsi. Layin awo yana da tsawo kuma malaman asibiti a gajiye suke, don haka yana da kyau ta riƙe tambayoyinta biyu ko uku a ka ko a takarda kafin ta shiga.

Abin da ya rage bayan wannan rarrabewa, irin su wane irin mutum yaron zai zama, ko auren zai ɗore, ba shi da aikin da za a yi masa yau. Nan ne muhallin addu'a da tawakkali, kuma sun fi zama a zuciya idan an riga an sauke abin da ke da mafita. Masu ba da shawara kan ƙara da cewa a ware wa tunani lokaci da rana, in ya zo cikin dare a ce masa sai gobe, a ja numfashi a hankali a sake shi a hankali har bugun zuciya ya lafa. Wayar ma a yi mata iyaka. Zauren da kullum labarin wadda ta mutu a wurin haihuwa ake turawa, fita daga cikinsa ba laifi ba ne.

Kaso mafi girma na wannan aiki a wuyan miji yake. Ciyar da mai ciki da mai shayarwa da tufatar da ita wajibi ne da Alƙur'ani ya ɗora masa a Baƙara da Ɗalaƙ, har ga wadda ya saka. Bayan wannan akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi: ya karɓi jariri bayan an ba shi nono ta samu barcin awa uku ko huɗu a jere, ya tare mata surutun dangi kan jinsin yaro, ya rage bikin suna daidai ƙarfinsa ya gaya mata ba bashi a kansu. A jihar Damagaram ta Nijar an fara makarantun mazaje a 2008 da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi da ƙasashe saboda yadda zuwa awo da haihuwa a asibiti suka ƙaru a inda aka yi shi.

Game da ƙwaya, akwai magungunan damuwa da likita ke iya ba mai ciki ko mai shayarwa bayan ya auna amfani da illa. Abin gudu shi ne a aika yaro kemis ya sayo maganin barci, ko a kama shan kodin da taramol don a samu sauƙin rai, domin suna ratsawa zuwa ga jariri kuma suna kama mutum. Wadda take kan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya tun kafin ciki kada ta yanke shi da kanta, ta je a duba mata, don wasu sai an canza su wasu kuma yanke su ya fi haɗari.

Ranar da ba a jira, da ranar arba'in

Idan mace ta fara cewa gara ta mutu, ko ta yi zancen cutar da kanta ko jaririn, ko ta daina ci da sha, ko maganarta ta rikice, ba a kwana da wannan. Kada a bar ta ita kaɗai, wani ya riƙe jaririn, a kai ta asibiti mafi kusa ko da ba na ƙwaƙwalwa ba ne, su za su san inda za su tura. Wadda ta taɓa samun rikicewar hankali a haihuwar baya, ko akwai mai irinsa a danginta na kusa, ta faɗa tun a awon farko, domin yakan dawo kuma ana iya shirya masa.

Barin ciwon ba magani yana da tsada ga gida duka. Uwar da ke cikinsa takan kasa ci, ta kasa shayarwa yadda ya kamata, ranar rigakafi ta wuce ba ta fita ba, kuma bincike a ƙasashe masu tasowa ya danganta shi da rashin girman yara. Miji ya ɗauka raini ne ko ƙazanta, uwar miji ta ce sangarta ce, wani auren a nan yake mutuwa alhali jinyar wata kaɗan za ta iya ceto shi.

Idan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta samu shiga ƙananan asibitoci, abin da talaka zai gani ba gini ba ne ko na'ura. Tambaya biyu ce ko uku da malamar awo za ta ƙara bayan ta auna jini: kina samun barci, me ya fi damunki, akwai mai taimaka miki a gida? Lokacin da ya fi dacewa da su kuwa shi ne mako na shida bayan haihuwa, ranar da ake kai jariri rigakafi a kuma duba uwa. Ya zo daidai da arba'in, lokacin da tsohuwar da ta zo wanka ke ɗaure kayanta, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, girki da wanki sun dawo, kuma a karo na farko yarinyar za ta kwana daga ita sai jaririnta.